Kariya daga cututtukan da ake ɗauka a asibiti

Kariya daga cututtukan asibiti tsari ne na dokoki da ayyukan da ake bi a wuraren kiwon lafiya don kada majinyaci, ko ma'aikaci, ko ɗan dubiya ya kwashi cutar da bai zo da ita ba. A Nijar, inda Faransanci ne harshen aikin likita, ma'aikata kan taƙaita sunan da haruffa uku, PCI. Ana lissafa cuta a ta asibiti idan ta ɓulla bayan awa 48 da kwantar da mutum, alhali bai shigo da ita ba. Idan mikin tiyata ne, lissafin na kaiwa kwana 30 bayan aikin, ko da an sallami mutum ya koma gida.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2022 ya nuna cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 ne ke ɗaukar irin wannan cuta a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba ya tashi. Cututtukan da suka fi yawa su ne ruɓewar mikin tiyata, ciwon mafitsara bayan an sa robar fitsari, ciwon huhu, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta robar ƙarin ruwa. Masu jego, jarirai, musamman bakwaini, da yara masu tamowa su ne a gaba wajen haɗari.

Asali

A 1847 wani likita ɗan Hungari, Ignaz Semmelweis, da ke aiki a babban asibitin birnin Biyana, ya lura cewa mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a sashen da ɗaliban likita ke karɓar haihuwa fiye da sashen ungozomai. Ɗaliban kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. Ya wajabta musu wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen kashi 2 cikin ƴan watanni. Abokan aikinsa ba su yarda ba, don ba mai son a ce hannunsa ne ajalin majinyacinsa. Ya rasu a 1865 ba a gaskata shi ba. Sai da binciken Louis Pasteur a Faransa ya tabbatar da cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke sa ruɓewa, sannan Joseph Lister ya fara tsabtace miki da kayan tiyata da sinadarin kabolik, ya wallafa sakamakon a 1867. Tukunyar tururi ta gasa kayan aiki ta biyo baya a 1879, daga hannun Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur.

Hannu

Cuta na bin iska, tana bin feshin tari da atishawa, tana bin jini da ruwa da abinci. Amma a cikin ɗakin majinyata babbar hanyarta ita ce hannu: daga miki zuwa ƙarfen gado, daga ƙarfen gado zuwa wayar salula, daga nan zuwa jaririn gado na gaba. Shi ya sa jagorar da OMS ta fitar a 2009 ta ware lokuta biyar na tsabtace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke bukatar cikakkiyar tsabta kamar allura ko wankin miki, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Na ƙarshen ne aka fi mantawa, domin wanda ya gyara zanen gado kawai ba ya jin ya taɓa kowa.

Wanki da ruwa da sabulu na ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, murza ruwan alkol kuma 20 zuwa 30. Alkol ya fi sauri kuma ba ya bukatar famfo, sai dai ba ya aiki a hannun da datti ko jini ke bayyane a kansa. Haɗin da OMS ta tsara don asibitoci su yi da kansu ya ƙunshi alkol na etanol kashi 80, da ɗan gilisarin don kada fata ta tsage. Wasu kan yi ƙyamarsa saboda sunan alkol, amma majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da shi a kan fata don tsabtace miki da kashe ƙwayoyin cuta. Alwala kuwa, duk da falalarta, ba ta tsaya a madadin wannan wanki ba, tunda ba a sa sabulu a cikinta.

Safar hannu na da nata ruɗin. Ma'aikacin da ya sa safa ɗaya ya zagaye gadaje goma ya kare kansa ne kawai, majinyatan kuma ya raba musu abin da ya kwaso. Ƙa'ida ita ce safa ɗaya, mutum ɗaya, aiki ɗaya, a kuma tsabtace hannu bayan an cire.

Ruwa a Damagaram

Duk waɗannan dokoki an rubuta su ne da zaton famfo na zuba. A Zinder kuwa, wato Damagaram, ƙarancin ruwa tsohon labari ne. Garin na zaune kan dutse mai tauri da ba ya riƙe ruwa sosai, kuma wannan na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon birnin daga rijiyoyin burtsatse na waje ake turo shi, irin na Gogo-Machaya da Arunguza, kuma da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, unguwanni kan dogara da ƴan garuwa. A karkara ɗakin shan magani na ƙauye ko ƙaramar cibiyar lafiya da ake kira CSI kan dogara da rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa na gari.

Saboda haka kariya a nan tana farawa ne daga tanadi: tankin ajiya, bokiti mai famfo da murfi a ƙofar kowane ɗaki, da mutumin da aikinsa ne cika shi. Bokitin da ba ruwa ado ne. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki kuwa gara babu shi, domin ruwan wankin dole ya zama mai zuba. Inda ruwa ke da wuya, kwalbar alkol a aljihun ma'aikaci ta fi kowane allon gargaɗi amfani. Matsalar ba ta Zinder kaɗai ba ce: rahoton OMS da UNICEF na 2022 ya ce rabin wuraren kiwon lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu.

Masu jinya da ƴan dubiya

Littattafan PCI da ma'aikaci suke magana, amma a asibitocin ƙasar Hausa rabin jinya a hannun dangi take. Uwa, ko ƴa, ko ƙanwa ce ke kwana kan tabarma a gindin gado. Ita ke ba da abinci, ta kai bayan gida, ta zubar da fo, ta wanke zane, ta juya marar lafiya. Awowin da take yi tana taɓa majinyaci sun ninka na malamin asibiti sau da yawa, kuma sau tari ba wanda ya nuna mata lokacin wanke hannu. Zumunci ma na da nasa rabon: maƙwabciyar gado ta ari buta, ta ari kofi, ta karɓi jaririn wata ta rarrashe shi kafin uwar ta dawo daga farmasi. Ba wanda zai kira wannan laifi, amma ta nan gudawa ke zagaye ɗakin yara.

Dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, don haka hana ta ɗungurungum ba ya ɗorewa; mai gadi zai gaji, dangi su yi fushi. Abin da ya fi tafiya shi ne a tsara ta: mai jinya ɗaya ga kowane gado, lokacin dubiya sananne, wanke hannu a ƙofa da shiga da fita, a bar ƙananan yara a gida, mai tari ko zazzaɓi ya aiko da gaisuwa. Ɗakin jarirai bakwaini da na masu cuta mai yaɗuwa su ne inda ba sassauci. Bayanin minti biyar da Hausa ga mai jinya ranar da aka ba da gado ya fi takardar Faransanci da aka liƙa a bango, wadda mafi yawan masu jinya ba za su karanta ba.

Kayan aiki, allura da shara

Almakashi, hantsaki da wuƙar tiyata sai an wanke su tas da sabulu da buroshi kafin a gasa, domin busasshen jini garkuwa ne ga ƙwayar cuta. Tukunyar tururi na aiki a digiri 121 na minti 15 zuwa 30, tandun busasshen zafi da ma'aikata ke kira Poupinel kuma a digiri 170 na awa guda. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, lissafi ya koma farko.

Ruwan jabel, wato ruwan kulorin na wanki, shi ne abokin aikin kullum. Ana sirka shi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari don goge jini da wurin da ya ɓaci. Kwalba mai ƙarfin kashi 2.6 na bukatar awo huɗu na ruwa ga awo ɗaya nata. Rana da zafi na kashe ƙarfinsa, don haka kullum ake haɗa sabo. An daɗe ana koyar da jiƙa kayan ƙarfe a cikinsa kafin wanki, amma jagorar OMS ta 2016 ta bar wannan, saboda yana cin ƙarfe, jini kuma na rage masa kaifi.

Allura sau ɗaya ake amfani da ita, ba a mayar mata da murfi, a jefa ta cikin kwalin tsaro da ake rufewa idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Idan allurar mai cuta ta soki ma'aikaci, haɗarin ɗaukar ciwon hanta nau'in B na iya kaiwa kashi 30, na sida kuwa wajen 0.3 ne, kuma maganin kariya daga sida dole a fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28. Dokar reza ɗaya mutum ɗaya ta hau kan wanzami da ungozomar gida kamar yadda ta hau kan likita. Wajen kashi 85 na sharar asibiti shara ce irin ta gida. Ragowar 15 ce mai haɗari, kuma da zarar an haɗa su a kwando ɗaya duka sun zama masu haɗari. Juji marar shinge kuma yara da awaki ne baƙinsa.

Lokacin annoba

Jihar Damagaram na cikin yankin sanƙarau na Afirka. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar, 18 suka rasu. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a gundumar Matamaye, kwalara kuma ta ratsa jihar a 2021. Kowace da irin shirinta. Sanƙarau da mashaƙo feshin baki suke bi, sai takunkumi da tazara; mai sanƙarau ya daina yaɗawa bayan awa 24 da fara maganin da ya dace. Ƙyanda da tarin fuka iska suke bi, don haka buɗaɗɗun tagogi masu fuskantar juna na da muhimmanci, ko da sanyin hunturu na sa a so rufe su. Kwalara na bukatar sansani na daban da kulorin iri uku: kashi 0.05 na hannu, 0.2 na ƙasa da gadaje, 2 na amai da bayan gida da gawa. Abu na farko dai shi ne tantancewa a ƙofa, kafin mai cutar ya zauna kan benci ɗaya da mai awon ciki.

Akwai kuma cunkoson da ke dawowa kowace damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa. A Satumban 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton yara fiye da 700 kwance lokaci guda a sashen yara na Magarya. Ƙa'idar OMS ita ce gado ɗaya mutum ɗaya, da tazarar mita guda tsakanin gadaje, abin da ke da wuyar cikawa a irin waɗannan makonni. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tamowa mai tsanani a wata cibiya a Maraɗi ya gano kashi 31 na ɗauke da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna tun ranar shigowa, kuma cikin waɗanda suka shigo babu su aka sake gwadawa, kashi 94 sun fita da su. Kafso da ake saye a tire a kasuwa a sha kwana biyu a bari na ƙara wa wannan wuta itace.

Tsari

A 2016 OMS ta zayyana ginshiƙai takwas na shirin PCI, ciki har da horo, sa ido kan adadin masu kamuwa, isassun ma'aikata da gadaje, da ruwa da kayan aiki. A Zinder aikin ya ratsa dukkan matakai, daga ɗakin shan magani na ƙauye da CSI, zuwa asibitocin gundumomi irin na Mirya, Tanut da Gure, har Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro da Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, ENSP, da sashen kiwon lafiya na Jami'ar André Salifou ke horar da da yawa daga ma'aikatan. Masu shara da masu wanki, waɗanda su ne ke ɗaukar kwalin allura su haɗa jabel, na cikin waɗanda tsarin ya ce a horar a kuma yi wa rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. Ranar 5 ga Mayu ta kowace shekara ce OMS ta ware don tsabtar hannu a wuraren kiwon lafiya.