Ƙa'idar ciyar da majinyaci ta jijiya: kalori nawa, mai nawa?

A sashen kulawa ta musamman, majinyacin da bai iya ci da baki ana fara gwada ciyar da shi ta tiyon da ake zirawa daga hanci zuwa ciki, galibi cikin awa 48. Sai idan hanji ya ƙi aiki, ko ya toshe, ko yana zubar jini, sannan ake komawa ga jijiya. A jaka ake haɗa suga da sinadaran furotin da mai, a rataye ta a kan ƙarfen ƙarin ruwa, ta riƙa sauka a hankali ta wata babbar jijiyar jini.

Ƙa'idojin da likitoci ke bi a wannan fanni ba dokar majalisa ba ce. Ƙungiyoyin ƙwararru ne ke fitar da su, musamman ESPEN ta Turai da ASPEN ta Amurka, asibitoci kuma su gina nasu tsarin a kai. Ƙa'idar ESPEN ta 2019 ta ce idan baki da tiyo duk sun gagara, a fara ciyarwa ta jijiya tsakanin kwana 3 zuwa 7.

Abin da ya fi ba 'yan uwan majinyaci mamaki shi ne, a kwanakin farko da gangan ake rage abincin. Ƙa'idar ta ce kada a wuce kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, sai bayan kwana 3 a ɗaga zuwa tsakanin kashi 80 da 100. Dalili kuwa, jikin da ciwo ya kama da zafi yana narkar da tsokarsa da kitsensa don ya samar da suga da kansa, kuma ƙarin abinci daga waje ba ya tsayar da hakan. In an cika masa jaka, sugan jini ya hau, hanta ta tara kitse, iskar da huhu zai fitar ta ƙaru. Wani babban bincike da aka yi a Beljiyam, aka wallafa a 2011, da majinyata 4,640, ya nuna waɗanda aka jinkirta musu ciyarwa ta jijiya zuwa rana ta 8 sun fi saurin barin sashen, kuma sun fi ƙarancin kamuwa da sabbin cututtuka.

Mafi inganci shi ne a auna ƙarfin da jiki ke ƙonawa da na'ura mai lissafin iskar da ke shiga da fita. Inda babu ita, ana ƙiyasta kalori 20 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana.

Batun mai shi ne ya fi rikitarwa. Ba za a iya zuba mai zalla a jini ba, don haka ake farfasa shi ya zama ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa, ya fito fari kamar madara. Na farko da ya samu karɓuwa, Intralipid, man waken soya ne, Arvid Wretlind na Suwidin ya samar da shi a farkon shekarun 1960. Daga baya aka damu da yawan sinadarin omega-6 da ke cikinsa, wanda ake ganin yana iya rura kumburi. Shi ya sa aka fito da gauraye irin su SMOFlipid, mai ɗauke da man soya da na zaitun da na kifi da wani man da jiki ke saurin ƙonawa. Turawan ESPEN sun karkata ga gauraye, har sun yarda a ba da man kifi giram 0.1 zuwa 0.2 ga kowane kilo. ASPEN a 2022 ta ce a makon farko kowanne aka ba ya yi, domin hujjar fifita ɗaya ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Iyakar da ESPEN ta sa ita ce giram 1.5 na mai ga kowane kilo a rana, kuma har da man da bai shigo da sunan abinci ba. Nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe. Maganin sa barci na propofol, wanda ake ba masu na'urar numfashi, cikin mai aka haɗa shi, kowane mililita na ɗauke da kalori 1.1. Ɗauki mutum mai kilo 70: iyakarsa giram 105. Idan yana karɓar mililita 20 a awa, a rana ya sha mililita 480, wato giram 48 na mai da kalori 528, tun kafin a rataya jakar abinci. Dole a cire wannan daga lissafi.

Ana kuma bibiyar kitsen jini, in ya haura miligiram 400 a desilita (mililita 100) na jini a rage man ko a dakatar. Haka fosfet, wani sinadari da ke cikin jini: idan ya faɗi bayan fara ciyarwa, musamman ga wanda ya daɗe bai ci ba, ana rage kalori na awa 48, a cike fosfet ɗin, sannan a sake ɗagawa sannu a hankali.