Kampung Naga

Kampung Naga ƙaramin ƙauyen manoma ne na al'ummar Sunda a lardin Jawa ta Yamma, ƙasar Indonesiya. Yana ƙarƙashin dagacin Neglasari, a gundumar Salawu ta yankin Tasikmalaya, kusa da hanyar da ta haɗa garuruwan Garut da Tasikmalaya, kimanin kilomita 30 daga na biyun. Mazaunansa kusan mutum 300 ne, dukkansu Musulmi, kuma an san su da riƙon al'adun kakanni a gini, noma da zamantakewa. Har yau ba su yarda an ja musu wutar lantarki ba.

Suna da wuri

Kalmar kampung tana nufin ƙauye. Ita kuwa naga, a harshen Indonesiya sunan wani ƙaton maciji ne na almara, amma mutanen wurin sun ce sunan ƙauyensu bai shafe shi ba. Bayanin da aka fi ji shi ne ya fito daga furucin Sunda na gawir, wato a gefen gangare.

Ƙauyen yana cikin kwari a bakin kogin Ciwulan, wanda ya taso daga tsaunin Cikuray na yankin Garut. Mota ba ta isa gare shi. Ana barin abin hawa a saman tudu, a gangara da ƙafa ta matakala mai hawa fiye da 400, sannan a bi gefen fadamun shinkafa. Filin da gidaje suke kai bai wuce hekta ɗaya da rabi ba, an kewaye shi da shingen gora, kuma al'ada ta hana a faɗaɗa shi.

Tarihi

Mazauna suna danganta kansu da wani kaka mai suna Singaparana, wanda suke kira Sembah Dalem Singaparana, kuma kabarinsa yana kan tudun da ke yamma da ƙauyen. Wata ruwaya ta ce almajiri ne da Sunan Gunung Jati na Cirebon, ɗaya daga cikin waliyyai tara da ake jingina wa yaɗa Musulunci a Jawa, ya aika yamma don yin wa'azi. Idan ruwayar ta inganta, kafuwar ƙauyen za ta faɗo wajen ƙarni na 16. Wata kuma ta ce jinin sarakunan Galunggung ne, wata tsohuwar masarautar Sundawa. Dattawan ƙauyen ba sa tsayawa kan ɗaya. Abin da suke cewa game da asalinsu shi ne pareum obor, ma'ana fitila ta mutu, hasken da za a ga baya da shi ya ɗauke.

Dalilin wannan magana sananne ne. A watan Agusta na 1949 wani jagoran tawaye mai suna Kartosuwiryo ya yi shelar kafa daular Musulunci ta Indonesiya a ƙasar Tasikmalaya, ƙungiyarsa ta Darul Islam kuma ta shafe shekaru tana yaƙar gwamnatin jamhuriya ta shugaban ƙasa Sukarno daga cikin duwatsun Jawa ta Yamma. Ƙauyukan da ke tsakani suka shiga tsaka mai wuya, kowane ɓangare na neman abinci da biyayya a wurinsu. Kampung Naga ya tsaya tare da jamhuriya. A 1956 mayaƙan ƙungiyar suka auka masa suka cinna wuta, gidaje suka ƙone, tare da kayan gado da rubuce-rubucen da aka ce suna ɗauke da tarihin zuriyar. Waɗanda suka tsira suka sake gina ƙauyen a kan tsarinsa na da. An kama Kartosuwiryo a 1962, aka yanke masa hukuncin kisa a shekarar.

Saboda haka gine-ginen da baƙo yake gani a yau ba tsofaffi ba ne can, sigarsu ce tsohuwa.

Gidaje

Gine-ginen sun ɗan haura 100, kuma adadin bai cika canzawa ba. Kowane gida a ɗage yake daga ƙasa, ginshiƙansa na katako suna zaune kan duwatsu, ba a binne su. Bango na saƙaƙƙen gora ne da ake shafa wa farar ƙasa, rufi kuwa ganye ne da ake lulluɓewa da ijuk, wani baƙin zare mai kauri da ake samu a jikin itacen aren, dangin kwakwa. Ba a amfani da siminti ko kwano. Gidajen suna jere sahu-sahu daga gabas zuwa yamma, ƙofofi na duban kudu ko arewa, maƙwabci yana fuskantar maƙwabci. A ƙarƙashin daɓe ake ajiye kaji da itacen girki. Irin wannan gini yana rangaji idan ƙasa ta motsa maimakon ya tsage, kuma an ba da rahoton cewa gidajen sun tsaya a girgizar ƙasar da ta auka wa yankin ranar 2 ga Satumba 2009.

A tsakiya akwai masallaci, da zauren taro mai suna bale patemon, da Bumi Ageung, ɗakin da ake ajiye abin da ya rage na kayan kakanni. Ba kowa ke shigarsa ba, kuma ba a ɗaukar hotonsa. Wuraren wanka, makewayi, garken awaki da tafkunan kifi duk suna bayan shinge, ta gefen kogi.

Da yake fili ba ya ƙaruwa, sababbin ma'aurata da yawa kan fita su zauna a ƙauyukan kewaye. Ana kiran su sanaga. Dokokin gini ba su hau kansu ba, amma suna dawowa lokutan bukukuwa.

Noma

Shinkafa ce ginshiƙin rayuwa. Ana shuka ta a fadamu masu hawa-hawa a jikin gangare, ruwa na sauka daga wannan fage zuwa na ƙasa da shi, kuma ana girbi sau biyu a shekara. Manoma sun fi riƙe irin gida mai dogon kara, wanda suke kira pare ageung, ko da yake ya fi irin zamani daɗewa kafin ya nuna. Ana yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙar hannu, a ɗaure dami-dami, a shanya. Mata ne ke sussuka da surfe a wani dogon turmi mai kama da kwalekwale, a rumfar da aka kafa bisa tafki, ta yadda dusa da tsaki ke zuba wa kifi. Akasarin amfanin na ci ne. Kowane gida yana da lungun ajiyar shinkafa mai suna goah, wanda hurumin uwargida ne, akwai kuma rumbun gayya da ake kira leuit. Girmama shinkafa da sunan Nyi Pohaci, wadda Sundawan zamanin da suka ɗauke ta a matsayin uwar hatsi, bai gushe ba a wasu al'adun shuka da girbi.

Bayan shinkafa akwai rogo, ayaba, kiwon kifi, da wani sukari mai kama da mazarƙwaila da ake dafawa daga ruwan aren. Saƙar kwanduna da faifan gora tana kawo kuɗin kashewa.

A hayin kogi akwai kurmin da ake kira leuweung larangan. Ba a shigarsa, ba a sare ko reshe, ko busasshen itacen da ya faɗi ba a ɗauka. Babu mai gadi. Kalma ɗaya ce ke tsare shi, pamali, wato abin da ba a yi.

Shugabanci da addini

Jagoran al'ada shi ne kuncen, kuma sarautar gado ce. Lebe yana kula da lamuran addini kamar jana'iza, punduh kuma yana lura da harkokin jama'a. Wakilan gwamnati na unguwa suna aiki gefe da su.

Babban bikinsu shi ne Hajat Sasih, sau shida a shekara: a Muharram, Rabi'ul Awwal, Jimada Sani, Sha'aban, Shawwal da Zulhajji. Maza kan yi wanka a Ciwulan, su sa fararen riguna, su hau tudu su share kabarin Singaparana, sannan a taru a masallaci a yi addu'a a ci shinkafar da mata suka dafa. Ranakun Talata, Laraba da Asabar ba a zancen kakanni ko tarihin ƙauyen. Wasu malamai na waje suna sukar haɗa waɗannan al'adu da addini, mazauna kuwa suna cewa al'adarsu ba ta saɓa wa Musulunci ba.

Halin yau

Yara na hawa matakala zuwa makarantun gwamnati a saman tudu. Ana ganin rediyo da talabijin masu aiki da batir, da wayoyin hannu da ake kai wa caji waje. Dalilan da ake bayarwa na ƙin lantarki biyu ne: tsoron gobara a rufin ijuk, da gudun kada bambancin mai shi da marar shi ya fito fili. Da dare fitilar kananzir ake kunnawa, shi ya sa da gwamnati ta janye tallafin kananzir don mayar da jama'a kan gas, ƙauyen ya rufe ƙofarsa ga baƙi na wani lokaci a 2009. Ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido na zuwa da yawa, 'yan ƙauyen ne ke yi musu jagora.