Tallafin ƙasashen waje bayan yaƙi: me Ruwanda ta yi da nata?

Duk mai bin hanyar Mirriya ko Magarya ya saba ganin allunan porje a bakin titi, wasu sun yi tsatsa, famfon da suke nunawa ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa ƴan Damagaram ke yawan tambaya ko tallafin waje ya taɓa raba wata ƙasa da talauci. Ruwanda aka fi kafa hujja da ita.

Wane hali take ciki da tallafin ya fara zuwa?

A 1994, cikin kwana 100 kacal, an kashe mutum kusan 800,000, akasarinsu ƴan ƙabilar Tutsi. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya wasu sun mutu, wasu sun gudu, baitulmali kuma wayam. Agajin farko abinci ne da tantuna, kuma mai yawa daga cikinsa ya nufi sansanonin Goma, a Kongo ta yanzu, inda masu kisan suka saje da ƴan gudun hijira suna cin rabonsu.

Talaka ya gani a ƙasa daga baya?

Ya gani. Alƙaluman gwamnati sun nuna masu fama da talauci sun ragu daga kashi 57 cikin ɗari a 2006 zuwa 45 a 2011, kodayake wasu masana sun yi jayayya da alƙaluman da suka biyo baya.

Shirin da ya fi burge ni shi ne Girinka, na 2006. Ana ba matalaucin gida saniya, in ta haifi maraƙa mace sai ya miƙa wa maƙwabcinsa, shi ma haka. Yara su sha madara, gona ta samu taki. Wanda ya san habbanaye ta Fulani ba zai ji abin baƙo ba, sai dai a wajenmu uwar ake mayarwa, ƴaƴan su zama na mai riƙo. A ƙasar da maƙwabci ya kashe maƙwabci, wannan miƙa maraƙar ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma inshorar lafiya ta ƙauye, wadda kuɗin waje suka taimaka wajen biya wa marasa hali.

Me ya bambanta ta da sauran ƙasashe?

A ganina, gwamnati ce ta riƙe ragama. Kuɗi masu yawa sun shiga kasafin ƙasa kai tsaye, maimakon kowace ƙungiya ta zo da motarta da allonta. Tun 2006 magadan gari ke sa hannu kan alƙawarin aiki a gaban shugaban ƙasa, Paul Kagame, a kuma bi su bashinsa a ƙarshen shekara. Masu suka dai na cewa tsoro ne ke tafiyar da abin, don bakin ƴan adawa a ɗinke yake.

To ina illar?

Mai ba ka yana iya janye hannu ranar da ya ga dama. A 2012, da masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka zargi Ruwanda da mara wa ƴan tawayen M23 na gabashin Kongo baya, Birtaniya da Jamus da Holan suka dakatar da wani ɓangare na tallafinsu, alhali a lokacin wajen kashi 40 na kasafin Ruwanda daga waje yake zuwa. A shekarar ne Ruwanda ta buɗe asusun Agaciro, ƴan ƙasa suna zuba gudummawa. Mu ma mun ɗanɗana: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an tsayar da tallafi, Nijar ta zaftare kasafinta da kashi 40 a watan Oktoba, ta kafa nata asusun na gudummawar ƴan ƙasa.