Gwajin tsirowar tsohon iri

Gwajin tsirowa hanya ce da manomi ke bi ya san ko irin da ya rage masa daga shukar baya yana da rai, kafin ya ɓata fangali a kansa. Masu lambu a Legas, ciki har da Hausawan da ke noman latas, alayyafo da albasa mai lawashi a wajajen Ojo, sun fi takwarorinsu na Arewa bukatarsa, domin zafi da laimar bakin teku suna saurin cinye ƙarfin iri. Masanin iri James Harrington ya nuna cewa duk ƙarin zafi na digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, ko ƙarin danshi na kashi 1 cikin 100 a jikin ƙwaya, yana rage rabin tsawon rayuwarta. Shi ya sa irin da zai yi shekaru a ɗaki a Kano kan mutu da wuri a Legas idan aka bar shi a takarda.

Irin albasa na cikin mafiya rauni, da wuya ya wuce shekara ɗaya. Na tumatir da kokwamba kan kai shekara 4 ko fiye in an adana su a bushe cikin kwalba mai murfi.

Wajen yin gwajin, ana ƙirga ƙwaya 10 ko 20, a jera su a kan tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, a naɗe, a sa a leda, a ajiye a inuwa. Ana buɗewa kullum, a yayyafa ruwa in ya bushe. In ruwan ya yi yawa, fumfuna ce za ta rufe su. Wanda ya fito da farar saiwa shi ake ƙirgawa. Alayyafo kan nuna kansa cikin kwana 3 zuwa 5, tumatir wajen mako guda, attaruhu kuwa sai an yi haƙurin mako biyu zuwa uku. Takwas cikin goma iri ne mai kyau. Biyar ko shida, a yafa shi da yawa. Ƙasa da haka, sayen sabo ya fi. Ɗakunan gwaji da ke bin ƙa'idar ISTA, ƙungiyar gwajin iri ta duniya, wadda aka kafa a 1924, ƙwaya 400 suke amfani da ita.

Ba duk irin da ya ƙi tsirowa ba ne matacce, kuma a nan ake yawan zubar da iri mai kyau. Irin latas kan ƙi tsirowa ko da yana da rai idan zafi ya haura digiri 30, don haka a gwada shi a wuri mai sanyi, kamar gindin randa. Kuɓewa na da ɓawo mai tauri, ana jiƙa ta ta kwana. Irin lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, ana ƙulle shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan kafin ya yarda ya tsiro.

Dabarar zuba iri a ruwa a zubar da wanda ya taso ba abin dogaro ba ce ga ƙananan ƙwayoyi irin na karas da latas, waɗanda kan yi yawo a sama ko da suna da rai.