Wai mene ne "pile-in" ɗin nan da masu bin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suke ta faɗa?

Duk shekara da watan Afrilu ya kama, lokacin da zafin Garwa yake kan ganiyarsa, sai guruf ɗin masu bin basket a WhatsApp su cika da kalma ɗaya, su wane sun faɗa pile-in, su wane sun tsallake pile-in, su wane kam ko pile-in ɗin ma ba su samu ba. A rubuce Play-In za ku gan shi. Da yawa cikin ƙannenmu da suka fara bin NBA saboda Siakam da Embiid, haifaffun Kamaru, suna ɗauka shi ne zagayen farko na pile-of, wato wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, to ba shi ba ne, wasan cike gurbi ne da ake yi kafin a buɗe pile-of ɗin, kuma wanda bai rarrabe su ba hasashensa zai riƙa karkacewa tun daga tushe.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, 15 a ɓangaren Gabas 15 a Yamma, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu. A kowane ɓangare takwas ne suke shiga pile-of. A da magana a ƙare take, na ɗaya zuwa na takwas a teburi su wuce, sauran su tattara kayansu. Yanzu shida na sama ne kawai suke wucewa kai tsaye, kujera biyun da suka rage kuma ƙungiyoyi huɗu ne suke kokawa a kansu, na 7, na 8, na 9 da na 10.

Na 7 ya karɓi na 8 a gidansa, wanda ya ci shi ke da kujera ta bakwai, shi ke nan ya wuce. Wanda aka ci bai mutu ba tukuna, yana da sauran rai ɗaya. Can kuma na 9 ya karɓi na 10, wannan kam sili ɗaya ƙwale ne, wanda aka doke sai baɗi. Sai wanda ya faɗi a wasan farko ya karɓi wanda ya yi nasara a wasa na biyu, mai nasara ya ɗauki kujera ta takwas. Ka ga ke nan na 7 da na 8 wasa ɗaya suke buƙata su ci cikin dama biyu, na 9 da na 10 kuwa dole su ci biyu a jere ba kuskure, na 10 ma duka biyun a gidan mutane zai buga. Wasa uku a Gabas uku a Yamma, cikin kwana huɗu an gama.

Mu 'yan Kamaru bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, ai mun san baraj, wasan cike gurbi a ƙwallon ƙafa. Wa ya manta da daren Blida a watan Maris 2022, da Toko Ekambi ya zura wa Aljeriya ƙwallo a minti na 124 muka samu tikitin Katar? Wannan wasan ba Kofin Duniya ba ne amma ba don shi ba da ba mu je ba. To pile-in haka yake, har ma NBA ba ta lissafa abin da ɗan wasa ya ci a ciki a cikin alƙaluman kakar wasa ko na pile-of. Jayson Tatum ya zuba wa Washington maki 50 a pile-in ɗin 2021, ka je ka duba tarihinsa na pile-of ba za ka gan su ba.

Shi pile-of ɗin kansa daban ne kwata-kwata, a can ba a fitar da ƙungiya da wasa ɗaya, sai wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai, kuma zagaye huɗu ne kafin kofi. Shi ya sa a pile-of yawanci wanda ya fi ƙarfi ne yake wucewa, don in ka yi sa'a yau ba za ka yi ta sau huɗu ba. A pile-in kuwa minti 48 ne kacal, babban ɗan wasanka ya tashi da zazzaɓi ko hannunsa ya ƙi a wannan dare, aikin wata shida ya tafi.

Abin ba tsoho ba ne. An fara gwada shi a 2020 lokacin korona da aka killace ƙungiyoyi a Orlando, Portland ta doke Memphis ta ɗauki kujera ta takwas. Tsarin da muke gani yanzu a 2021 ya fara, a 2022 aka tabbatar da shi dindindin. Da farko manya ba su so ba, LeBron James da bakinsa ya ce duk wanda ya ƙirƙiro abin nan a kore shi daga aiki, sai ga shi a 2021 ɗin Lakers ɗinsa sun ƙare a na 7 sun haɗu da Golden State ɗin Stephen Curry, LeBron ya jefa wata mai maki uku daga nesa saura kamar minti ɗaya aka tashi 103 da 100. Golden State da suka ƙare a na 8 suka karɓi Memphis, ita ma ta doke su a gidansu, Curry da ya fi kowa cin maki a kakar nan ya kalli pile-of a talabijin kamar ni da kai.

Kuma gaskiya masu ƙorafi suna da abin faɗa. A 2022 Clippers sun ci wasa 42, New Orleans ta ci 36, tazarar wasa shida fa, amma ranar da za su haɗu Paul George ya kamu da korona bai buga ba, New Orleans ta wuce Clippers suka koma gida. In kai mai goyon bayan Clippers ne ba wanda zai lallashe ka cewa an yi maka adalci.

Duk da haka ni dai ina tare da pile-in, kuma dalilina ɗaya ne. Kafin a kawo shi, da an shiga Maris ƙungiyar da take ta 10 ko ta 11 sai ta saki jiki, a zaunar da manyan 'yan wasa a ce wai rauni, a riƙa faɗuwa da gangan don a samu zaɓen farko cikin sababbin yaran da za su shigo. Mu a nan wasan da aka fara ƙarfe takwas na dare a New York ƙarfe ɗaya na dare ne a Garwa da Njamena, na Yamma kuwa sai uku ko uku da rabi, mutum ya sayi data da kuɗinsa ya caja waya tun yamma don gudun ɗaukewar wuta, ya zauna a tsakar gida da butar shayi sauro na cizonsa, sai ya tarar ƙungiyar ma ba ta son ci? Wallahi wannan cin fuska ne. Pile-in bai kashe wannan ɗabi'a gaba ɗaya ba, na can ƙasa har yanzu suna yi, amma ya sa na tsakiya ba su da dalilin miƙa wuya da wuri, na 6 yana gudun kar ya zame, na 11 yana hangen na 10.

To yanzu maganar hasashe, nan ne mutane suke zurmawa. Tun da Miami ta yi abin da ta yi a 2023 kowa ya riƙe shi a matsayin hujja. Sun ƙare a na 7, Atlanta ta doke su a gida, da ƙyar suka tsallake Chicago suka shiga a kujera ta takwas, daga nan Jimmy Butler ya rikiɗe, suka fitar da Milwaukee ta Giannis 4 da 1, suka fitar da New York, suka fitar da Boston a wasa na bakwai, sai Denver ta Jokic ta tare su a fainal 4 da 1. A shekarar ma Lakers ta pile-in suka bi har suka kai fainal ɗin Yamma. Abin ya yi daɗi, amma a tuna wannan Miami ɗin ita ce ta ɗaya a Gabas shekara guda kafin nan, ba ƙungiyar banza ba ce da sa'a ta ɗauko. Miami ɗin dai a 2025 ta zama ta farko da ta taso daga na 10 ta shiga pile-of, Cleveland ta share ta 4 da 0 ba ko tausayi. Daga 2021 zuwa 2025 ba ƙungiyar da ta bi ta pile-in ta ɗauki kofi, kuma a tarihin NBA mafi ƙasa da ya taɓa ɗauka na 6 ne, Houston ta Hakeem Olajuwon ɗan Legas a 1995.

Don haka in ka ga ƙungiya a pile-in tambayar farko ita ce me ya kai ta can. In ƙarfinta ke nan duk shekara, ko ta wuce na ɗaya ko na biyu za ta tarar sun huta kusan mako suna jiranta, kuma a gidansu za a fara. In kuwa rauni ne ya saukar da ita kuma mutumin ya dawo, to wannan a yi hattara da ita. Philadelphia a 2024 irin wannan ce, Embiid ya ji ciwo a gwiwa a ƙarshen Janairu aka yi masa aiki, ƙungiyar ta zamo har na 7, ya dawo a Afrilu suka ci Miami 105 da 104. Na biyun da ya same su, New York, sai da ya ji jiki, Embiid ya zuba musu 50 a wasa na uku da gwiwar da ba ta gama warkewa ba, amma a ƙarshe 4 da 2 aka fitar da su. A wannan wasan pile-in ɗin kuma Butler ya ji ciwo a gwiwa bai sake bugawa a kakar ba, Miami ta shiga hannun Boston ba shi, wannan ma wani kuɗin ƙofa ne da ake biya wanda masu hasashe ba sa sawa a lissafi.

Ku kwatanta da Indiana ɗin Siakam a shekarar, wasa 47 suka ci daidai da Philadelphia, amma da aka duba haɗuwarsu sai Indiana ta zauna a na 6, ba ta taka pile-in ba, ta samu Milwaukee da Giannis ke jinya, ta wuce New York, sai da ta kai fainal ɗin Gabas.