Bindigar farautar talotalo na harbi gefe: laifin bindiga ne ko na mai riƙe da ita?

A Amurka akwai talotalon daji, ba irin namu na tsakar gida da ake kiwo a sayar lokacin Kirsimeti ba, kuma farautarsa babbar harka ce a can, har ƙungiya guda gareta mai suna National Wild Turkey Federation da aka kafa tun 1973. Duk shekara daga wajen watan Maris zuwa Mayu jihohi ke buɗe lokacin farauta, mutum ya fita tun asuba ya jingina da bishiya yana kwaikwayon kukan macen har namijin ya matso, kuma sau da yawa harbi ɗaya tal zai samu. Shi yasa ƙorafin "wallahi na saita daidai amma harbin ya tafi gefe" baya ƙarewa a wajensu.

Wai ba shotgan, wato irin bindigar da ake wannan farautar da ita, watsa harsashi take yi ba? To ina ruwanta da wani saiti?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Eh tana watsawa, amma ta talotalo an matse mata baki da gangan. Gashin jikin tsuntsun nada kauri, in ka harbi jiki sai dai ka raunata shi ya gudu ko ka ɓata naman, don haka kai da wuya ake nema, kuma kan talotalo ɗan mitsitsi ne ga shi baya tsayawa waje ɗaya. Sai ake ɗaura wani ɗan gajeren bututu mai zare a bakin bindigar, shine cok, aikinsa ya tattara ƙwayoyin harsashin su fita a dunƙule. Faɗin cikin bututun geji 12 (geji shine ma'aunin girman bututun shotgan) wajen inci .729 ne, amma cok ɗin talotalo zaka samu ya matse shi zuwa .665 ko .660. A yadi 15 duk tarin ƙwayoyin bai wuce girman lemun zaƙi ba ko ya ɗan fi, kaga kenan in saitinka ya kauce da inci uku ai ka gama kuskure tsuntsun gaba ɗaya.

Abun ya ƙara tsanani da zuwan harsashin TSS, wanda ake yi da ƙarfen tongstin mai nauyin giram 18 a kowane santimita kubik, alhali dalma bata wuce 11 da ɗan wani abu ba. Kamfanin Federal ya fito da nasa kasuwa a 2018, daga nan aka koma harbin ƙananan ƙwayoyi lamba 9 har da ƙananan bindigogi irin geji 20 da .410. Tari ya ƙara matsewa, kuskuren da a da faɗin watsuwa ke rufewa yanzu a fili yake fitowa.

Ta yaya zan tabbatar da gaske gefe take harbi?

Takarda. Ba wata hanya bayan ita. Ka samu takarda ko kwali mai faɗi sosai, aƙalla ƙafa uku ta kowane gefe, ka yi ɗigo baƙi a tsakiya, ka kafa ta inda akwai tudun ƙasa a baya. Kar ka fara da ɗan hoton kan talotalon nan da ake sayarwa, don in harbin ya kauce ba zaka ga inda ya tafi ba, sai dai ka ga 'yan huji biyar a gefe ka kama zargin cok. Ka zauna a yadi 25, ka ɗora bindigar kan buhun yashi, ka toshe kunne ka sa tabarau, sannan ka fara da harsashi mara ƙarfi mai araha irin wanda ake harbin faifan yumɓu dashi. Dalili biyu ne, na farko aljihunka, TSS tsada gareshi ba kaɗan ba, na biyu kafaɗarka.

Ka yi harbi uku a takarda ɗaya kana saita ɗigon nan a natse. Sai ka je ka duba inda tsakiyar tarin hujin yake, ka zagaye shi da biro, ka auna da tef daga nan zuwa ɗigon, sama ko ƙasa nawa, hagu ko dama nawa, ka rubuta a jikin takardar tare da sunan harsashi da cok da nisan. Masu harbin zabi a nan gida da bindiga mai lasisi ma gwajin ɗaya ne.

Na yi harbi uku a takarda daban-daban, kowanne ya tafi nasa waje. Me kenan?

To malam, ko dai kai ne, ko wani abu ya kwance. Bututun da ya lanƙwashe baya yawo, kullum waje ɗaya zai riƙa kai harbi. Fara da kwancewar don tafi sauƙi: ka cire harsashi ka tabbatar ba komai a ciki, ka duba ko cok ɗin ya saki, don yana saki da kansa bayan 'yan harbe-harbe, ka duba murfin da ke riƙe bututun a bindigogi irin Remington 870, ka girgiza gindin katakon ka ji ko yana motsi, in akwai madubin saiti ka bi sukurorinsa ɗaya bayan ɗaya.

In duk lafiya lau to saura kai, kuma ba abun kunya bane. Harsashin geji 12 mai tsawon inci 3 da rabi dukan da yake yi a kafaɗa ba wasa bane, jiki na koyon tsoronsa ba tare da mutum ya sani ba, sai ka ga ana dab da jan kunama an runtse ido an tura kafaɗa gaba, bakin bindiga ya yi ƙasa. Akwai wani gwaji mai tona asiri: ka ba abokinka ya riƙa sa maka harsashi baka gani, wani lokacin na gaske wani lokacin na roba wanda baya tashi. Ranar da ka ja kunama kan na robar aka ji ƙas kawai amma aka ga bakin bindiga ya dungura ƙasa kamar an harba, magana ta ƙare. Wasu kuma ɗaga kai suke daga jikin katako don su ga faɗuwar tsuntsu, waɗannan sama suke harbi.

In kuma duk ukun sun taru waje ɗaya amma gefe fa?

Wannan ma yafi daɗi, don abun da ke maimaita kansa yana gyaruwa. Amma tukuna kar ka ce bututu ne. Yawancin shotgan ɗan ɗigon ƙarfe ɗaya ne kawai a gaba, babu saitin baya, idonka shine saitin bayan. Duk inda idonka ya zauna can harbi zai bi. In katakon da kake ɗora kumatu ya yi maka tudu har kana hango doron bututun shimfiɗe a gabanka, sama zata harba. In ya yi ƙasa, ƙasa. In fuskarka mai faɗi ce katakon ya ture idonka hagu, hagu zata kai. Hatta rigar sanyi mai kauri da ƙyallen rufe fuska da maharban ke sawa suna canza zaman kumatu, mutum ya gwada bindiga da 'yar shat a gida ya je daji cikin jibgegiyar riga yana mamaki.

Sai batun ido. Wani na-dama ne amma idonsa na hagu ne mai rinjaye, in ya buɗe ido biyu na hagun ya karɓe aikin, harbi ya riƙa tafiya hagu kullum. Ka nuna wani abu mai nisa da yatsa idonka biyu a buɗe, ka rufe ɗaya bayan ɗaya, idon da yatsan bai kauce dashi ba shine mai rinjayen.

Kuma fa wasu bindigogin da gangan aka ƙera su su ɗan yi sama, kashi 60 na ƙwayoyi sama da saiti 40 ƙasa, saboda harbin tsuntsu mai tashi. Wannan ba lalacewa bace, ba dai don talotalo aka yi ba. Hanya mafi sauri ta raba gardama ka miƙa wa wani gwani ya harba uku. In shima can ta kai masa, to a koma kan ƙarfen.

Ya zan gane cok ne ko bututu?

Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a lokaci guda, wannan shine duk sirrin, in ka canza cok da harsashi tare ba zaka taɓa sanin wanne ya yi aikin ba. Fara cire cok ɗin ka wanke shi da zarensa, don robar da ke riƙe ƙwayoyi tana barin datti a ciki, ka shafa ɗan mai ka ɗaure da kyau ka sake harbi. In bai canza ba ka sa cok ɗin da bindigar ta zo dashi daga kamfani. Tarin ya dawo tsakiya? To wancan cok ɗin ne ba a huda shi daidai ba, ka mayar musu. In kuwa cok biyu ko uku duk waje ɗaya suke kaiwa, ko dai an yanka zaren bakin a karkace ko bututun ya lanƙwashe. Ka cire bututun ka leƙa ta baya kana fuskantar haske, zaka ga zobba-zobba na inuwa a ciki, in lafiya yake zasu zauna ɗaya cikin ɗaya daidai, in sun karkata gefe akwai magana. Ka duba ɗigon gaban ma ko ya bugu ya kwanta. Kuma don Allah kar ka harba ba cok a ciki wai don gwaji, zaren zaka lalata.

Canza harsashi kaɗai zai iya matsar da inda take bugu?

Sosai ma. Nauyi da gudu sun bambanta, yanda bindiga ke zabura kafin ƙwayoyi su bar baki ya bambanta. Shi yasa mai arahar na fara aiki ne kawai, dole ka rufe da ainihin wanda zaka shiga daji dashi, a yadi 40, wajen mita 36 da rabi kenan. Abun da maharban suka saba nema shine ƙwaya 100 cikin da'ira mai faɗin inci 10, kuma da'irar ta zauna kan inda ka saita.

To menene gyaran?

In matsalar zaman katako ce, bindigogi irin Benelli da Beretta suna zuwa da 'yan shim, wato wasu 'yan siraran faifai, da ake sawa tsakanin katako da jikin bindiga a karkata shi sama, ƙasa ko gefe. Akwai tsohon lissafi da masu gyaran katako ke bi: ka tsaya a yadi 16 ka ɗaga ka harba yanda ka saba, duk inci ɗaya da tarin ya kauce, katako na buƙatar motsin kashi ɗaya cikin 16 na inci. Ta yi sama da inci biyu, a sauke wajen kumatu da kashi ɗaya cikin takwas.

Amma ni a ganina ga mai talotalo zalla, saitin da ake iya juyawa yafi komai sauƙi, ko irin na gaba da baya da ake maƙalawa a doron bututu, ko madubi mai jan ɗigo. A na farkon, saitin baya zaka matsar zuwa ɓangaren da kake so harbi ya koma. A madubin kuma lissafi ne, da yawansu kowane ƙas ɗaya na maɓallin juya saitin ma'auni ɗaya ne da ake kira MOA, wato wajen kwatan inci a yadi 25, in ta kauce hagu da inci uku sai ka juya ƙas 12 zuwa dama, amma ka duba takardar bayanin madubin naka don wasu rabin haka ne. Kar ka raina inci ukun nan, a yadi 40 ya kusa zama biyar.

Abu biyu ne ban yarda dasu ba. Na farko masu cewa "ai na san halinta, sai in riƙa saita ɗan dama kaɗan", ranar da ƙaton namiji ya tsaya gabanka yana kumbura zuciya na bugawa ba zaka tuna da wani ɗan dama ba. Na biyu masu lanƙwasa bututu da kansu a tsakanin rassan bishiya. In sabuwa ce a mayar wa kamfani tare da takardun da ka harba, in tsohuwa ce a kai wa maƙerin bindiga.

A takarda komai daidai, amma a daji ina kuskure. Saura me?

Yawanci tsuntsun ya matso kusa da yawa ne, inda tarin bai buɗe ba, ko kuma ya yi nisa ka ɗauka yadi 40 ne alhali ya kai 55. Sannan a kan buhun yashi ka gwada, a daji kuwa a ƙasa kake zaune, bindiga kan gwiwa, wani lokacin ka murɗa jiki don ya ɓullo ta inda baka zata ba, kumatu ya bar katako. Ka yi 'yan harbin ƙarshe a zaune haka cikin kayan da zaka sa. Ka lura da ƙananan rassa tsakaninka dashi, suna cinye ƙwayoyi. Kuma kar ka harba yana cikin kumbura ya noƙe kai cikin gashi, ka ɗan yi masa kira ya miƙe wuya, sannan ka saita ƙasan wuyan daidai inda jan fata ya haɗu da gashi, don in ka saita tsakar kai rabin ƙwayoyinka ta sama zasu wuce.