Sake cika harsashi a gida: amsa ga maharban Zazzau

Tsadar harsashi ta sa wasu matasan maharba a Zariya, masu kallon bidiyon Amurkawa a YouTube, suna tambaya ko za su iya tara kwanson da suka harba su sake cika shi da kansu.

Mene ne sake cikawar?

Harsashin raifal abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, 'yar hular gindi mai tayar da wuta, albarushi, da kan da ke fita. In an harba, kwanson kaɗai ke saura, sai masu sake cikawa su sayi sauran ukun su mayar. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi haka don amfanin kansa.

Mu a Najeriya fa?

Doka ta hana. Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta yarda mutum ya ƙera ko ya harhaɗa harsashi a ɗakinsa ba, kuma ko riƙe shi ma sai da lasisi. Ƙera harsashi aikin DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnatin tarayya da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Lasisin kansa hawa uku ne: bindigogin yaƙi sai izinin shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki biyu sai Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. A wannan zamani na 'yan bindiga, wanda aka kama da buhun kwanso da albarushi a gida, da wuya a saurari bayaninsa na cewa farautar zomo yake yi.

Ai kakanninmu da kansu suke ɗura bindigar toka?

Haka ne, kuma nan ne hatsarin da ya fi damuna. Bindigar toka baƙin albarushi take ci. Na cikin harsashin zamani, marar hayaƙi, ƙarfinsa ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ya fasa harsashi ya juye albarushinsa cikin bindigar da maƙeri ya yi, bututun na iya tarwatsewa a hannunsa, ya tafi da yatsu ko ido. Masu sake cikawa a Amurka ma sikeli mai auna ɗan mitsitsin nauyi suke amfani da shi, don ƙari kaɗan ya isa ya fasa raifal. Ba abin da ake yi da ƙiyasin ido ba ne.

Narka dalma a tsakar gida don yin kan harsashi fa?

Don Allah kada a yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, saboda niƙa dutsen zinari mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙurarta tana zama a ƙasa inda yara ke rarrafe, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu.

To yaya maharbi zai yi?

Ya tabbata lasisinsa bai ƙare ba, ya sayi harsashi wurin dillalin da ke da rajista, ya kulle shi dabam da bindigar, nesa da murhu da hannun yara.